Daga Fada zuwa Ofis: Tarihin Aikin Hukuma da Manyan Ma'aikata a Ƙasar Yauri

Masarautar Yauri, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, tana shimfiɗe ne a gaɓar Kogin Kwara, daidai inda kogin ya buɗe ya zama Tafkin Kainji, kuma tana cikin tsofaffin ƙasashen da al'adar Hausawa ta lissafa a jerin Banza Bakwai. Mazaunanta sun haɗa da Gungawa, wato mutanen tsibiran kogi waɗanda ke kiran kansu Reshe, da Kambari manoman tudu, da Shangawa da Dukkawa da Lopawa, da Sarkawa masunta, da Fulani makiyaya, sai kuma Hausawa waɗanda sarauta da fatauci suka daɗe a hannunsu. Idan aka auna ta da Kano ko Katsina ko Gwandu, ƙaramar ƙasa ce ta fuskar faɗi da yawan jama'a, amma duk da haka ta fitar da mutum biyu da suka shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da wanda ya riƙe hukumar kwastan ta Nijeriya baki ɗaya ya kuma zama gwamnan farar hula na farko na Jihar Kebbi, ban da sakatarorin gwamnati da 'yan majalisa da minista. Wannan yawan manyan ma'aikata yana da dogon asali, domin Yauri ƙasa ce da ta daɗe da sanin cewa ƙarfin yaƙi kaɗai ba zai tsare ta ba, saboda haka ta dogara ga iya tafiyar da mulki da iya zama da maƙwabta, daga baya kuma ta dogara ga makaranta.

Sarauta da hidima kafin zuwan Turawa

A zamanin da, aikin hukuma da sarauta abu ɗaya ne, domin duk wanda ke karɓar haraji ko yanke hukunci ko jagorantar mayaƙa yana yin haka ne da rawanin da sarki ya naɗa masa. Al'adar baka ta Yauri tana fara jerin sarakunanta da Tafiraulu, tana kuma danganta gidan sarautar da ya daɗe yana mulki ga Jerabana, kuma tsohuwar fadar ƙasar tana Birnin Yauri, garin da ganuwarsa ta shaida girman da ya taɓa yi. A irin wannan tsari mutum yana shiga hidimar hukuma ta ɗayan ƙofofi uku. Ta farko ita ce haihuwa, wato ya zama ɗan gidan da ke gadon wata sarauta. Ta biyu ita ce barantaka, wato ya jingina da wani babba yana yi masa hidima har ubangidan nasa ya ɗaga shi. Ta uku kuwa ita ce malanta, domin fada ba ta rasa buƙatar limami da alƙali da mai rubuta wasiƙa da Larabci. Babu albashi a lokacin, abin da mai sarauta ke samu shi ne rabonsa daga abin da ya tara da kuma gaisuwar da talakawa ke kawowa.

Dukiyar da ake tafiyarwa ta fito ne daga matsayin ƙasar a kan hanya. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, domin sayo goro, suna ratsa wannan yanki su ƙetare Kwara, jiragen ruwa kuma suna hawa da gangara tsakanin ƙasar Nufe da ƙasashen arewa, ga zinariyar da ake haƙa a kewayen Birnin Yauri. Saboda haka babban aikin masu sarautar Yauri shi ne tsare mashigai, da karɓar kuɗin fito, wato abin da matafiyi ke biya a ƙetarar da shi da kayansa, da kuma kiyaye alaƙa da shugabannin tsibirai waɗanda jiragen ke hannunsu. Turawan da suka fara bin kogin sun tarar da wannan tsari a tsaye: Mungo Park ya ratsa ta Yauri a 1806 kafin ya halaka a Busa, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander kuma sun sauka a fadar Sarkin Yauri a 1830 suna neman takardunsa.

Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Danfodiyo ya rushe sarautun Haɓe da yawa, Sarkin Yauri Albishir Ɗan A'i, wanda ya yi mulki daga 1799 zuwa 1829, ya zaɓi hanyar amana, wato yarjejeniyar da ƙasa ke miƙa wuya tana biyan abin da aka yanka mata, a bar mata sarakunanta da tsarinta, kuma ta wannan hanya Yauri ta shiga ƙarƙashin Gwandu ba tare da an kawo mata sabon gidan sarauta ba. Abin da jihadi bai yi mata ba, rikicin cikin gida ya yi: a tsakiyar ƙarni na 19 'yan sarki suka rabu, fada ta bar Birnin Yauri ta koma tsibirin Ikum, kuma Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim suka sami ƙofar kai hare-haren kamun bayi a ƙasar Kambari. Sarki Abdullahi Abarshi ne ya sake haɗa kan masarautar, ya kafa fadarsa a Yelwa a 1888, ya yi mulki har 1904, kuma daga zuriyarsa ne sarakunan da suka biyo baya suka fito, in ban da mutum ɗaya.

Mulkin En'e da darasin 1915

Turawan Ingila sun ayyana mallakar Arewacin Nijeriya a 1900, sun ci Kwantagora a 1901, sannan suka sa Yauri cikin Lardin Kwantagora. Tsarin da suka shimfiɗa shi ne mulki ta hannun sarakuna, wanda Hausawa suka sani da sunan En'e, wato hukumar gargajiya da ta ƙunshi sarki da majalisarsa da hakimai da alƙalai da dogarai, tana aiki ƙarƙashin idon Razdan mai kula da lardi da Di'o mai kula da yanki. Babban canjin da wannan tsari ya kawo shi ne baitulmali, wato taskar da ake zuba haraji da jangali a cikinta, a raba tsakanin gwamnati da En'e, a kuma biya kowa albashi a ƙarshen wata. Daga ranar da aka fara biyan hakimi albashi aka kuma tilasta masa zama a gundumarsa, ya zama ma'aikaci da ake iya bincikar littafinsa, a ƙara masa girma ko a tuɓe shi, kuma tun da ba kowane hakimi ne ya iya rubutun boko da lissafin fam da sule ba, sai aka soma buƙatar malamin hakimi da malamin haraji da ma'aji.

Shekarun farko na wannan tsari sun yi wa Yauri tsanani. A 1915 Turawa suka tuɓe Sarki Jibrilu ɗan Abarshi, suka ɗora Aliyu, Bafulatani wanda ba ɗan gidan sarautar ba ne, saboda sun gamsu da kuzarinsa wajen tara haraji da aiwatar da umarni. A wannan shekara kuma suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, suka sa tsohuwar masarautar Busa ta ƙasar Bargu ƙarƙashin Yauri, abin da mutanen Bargu suka ɗauka a matsayin cin mutunci, har wani ɗan sarki mai suna Sabukki ya jagoranci tawayen da aka kashe wasu daga cikin sababbin masu riƙe da En'e ta Busa, labarin da masanin tarihi Michael Crowder ya yi wa littafi sukutum a 1973. Ba a daɗe ba aka raba Busa da Yauri, a 1923 kuma aka tuɓe Aliyu bisa zargin taɓa dukiyar baitulmali. Abin da waɗannan shekaru takwas suka nuna shi ne ƙwazon ma'aikaci, idan bai haɗu da yardar jama'a da riƙon amana ba, yana iya cika taska na ɗan lokaci amma ba ya zaunar da ƙasa, kuma Turawan da kansu sun yarda da haka a aikace lokacin da suka mayar da sarautar ga gidan Abarshi.

Zamanin Sarki Abdullahi da tsanin makaranta

Wanda aka naɗa a 1923 shi ne Abdullahi ɗan Jibrilu, matashi da ya yi karatun boko a lokacin da sarakunan Arewa masu irin wannan ilimi ba su taka kara sun karya ba, kuma ya yi mulki shekara 32, har zuwa 1955. A 1924 aka rushe Lardin Kwantagora, Yauri ta koma Lardin Sakkwato, kuma wannan sauyi ne ya ƙulla makomar 'ya'yanta da makarantun Sakkwato da ofisoshinta har zuwa 1991. A farkon zamaninsa ne P. G. Harris, jami'in mulkin da ya yi aiki a ƙasar, ya tattara bayanan tarihi da al'adun Yauri da aka buga a 1930. Muhimmancin Abdullahi a tarihin aikin hukuma shi ne ya zama sarkin da ke iya karanta takardar ofis da kansa, ya duba lissafin baitulmali, ya yi magana da Di'o ba tare da dogaro ga tafinta ba, kuma talakan da ya ga sarkinsa ya shiga makarantar boko bai bar addininsa ba ya fi sauƙin yarda a ɗauki ɗansa.

A wannan zamani ne tsanin aikin hukuma ya sami matakan da aka san shi da su a duk Arewa. Yaro yana farawa da makarantar elementare a garinsu, idan ya yi fice a tura shi midil, wato makarantar tsakiya ta lardi, daga nan kuma 'yan kaɗan su wuce kwalejin da aka buɗe a Katsina a farkon shekarun 1920, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, daga bisani aka san ta da sunan Barewa. Wanda ya tsaya a midil yakan dawo gida ya zama malamin makaranta ko malamin asibiti ko malamin gona ko malamin daji ko malamin dabbobi, ko ya shiga ofishin ma'aji ko na magatakarda, kuma daga cikin waɗannan malamai ne sarki ke zaɓar hakimai da 'yan majalisarsa. Gundumomin masarautar a lokacin, wato Yelwa da Gungu da Birnin Yauri da Ngaski da Shanga da Kwanji, kowace tana da hakiminta da malamansa, waɗanda ke yawon ƙidayar masu biyan haraji a kan doki ko keke, a gundumar Gungu kuwa cikin kwalekwale. Sai dai tun daga tushe tsanin ya fi kusa da wasu fiye da wasu, domin makarantun farko suna manyan garuruwa ne, kuma 'ya'yan masu sarauta da na barorinsu ne aka fara ɗauka, yayin da yaron tsibiri ko na tungar Kambari, wato ƙaramin ƙauyen noma, yake can yana taimakon iyayensa a lambu ko a gona.

Sarki Muhammadu Tukur da jarrabawar Kainji

Muhammadu Tukur ya gaji mahaifinsa a 1955, ya yi mulki har 1981, wato ya ga ƙarshen mulkin mallaka da Jamhuriya ta Farko da mulkin soja da farkon Jamhuriya ta Biyu. Hawansa ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello take aiwatar da manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, inda aka riƙa ɗebo malaman En'e da malaman makaranta ana ba su horo a Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Zariya domin su maye gurbin Turawa. Ta wannan hanya ƙofar da a da take ƙarewa a fadar Yelwa ta buɗe zuwa Kaduna da Ikko, kuma ɗan Yauri mai ilimi ya soma tunanin aikin da ya wuce iyakar masarautarsa.

Babbar jarrabawar da masu riƙe da hukuma suka fuskanta a wannan zamani ita ce madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 domin samar da wutar lantarki, aka kammala a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kimanin kilomita 135 da faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yauri, kuma an tashi mutane kimanin 44,000 daga gidajensu a ɓangarorin Yauri da Bargu. Tsara aikin yana hannun hukumar tarayya da injiniyoyin ƙasashen waje, amma shawo kan mutum ya bar kushewar kakanninsa, da ƙidaya gidaje da rumbuna da itatuwa, da raba sababbin filaye, da sasanta baƙi da masu ƙasar da aka sauke su a ciki, duk sun faɗa ne a wuyan sarki da hakimai da dagatai da malaman En'e. An yi ƙaurar ba tare da irin tawayen 1915 ba, kuma wannan yana cikin manyan nasarorin hukumar Yauri. Amma nauyin ya fi sauka a kan Gungawa, waɗanda suka ƙware wajen noman albasa na rani a ƙasar tsibirai mai laka, suka wayi gari a gidajen siminti da ba su saba da su ba, a kan tudun da bai karɓi irin nomansu ba, suna kallon ruwan da hawansa da saukarsa suka koma hannun masu sarrafa madatsa.

A daidai wannan lokaci En'e kanta ta fara rasa ƙarfinta. An ƙirƙiri Jihar Arewa maso Yamma a 1967, gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun sarakuna, a 1976 kuma aka kafa Jihar Sakkwato aka kawo gyaran ƙananan hukumomi da ya mayar da sarki uban ƙasa mai ba da shawara. Daga nan ikon zartarwa ya koma ga shugaban ƙaramar hukuma da babban sakatare da kwamishina, kuma takardar shaidar ilimi ta zama mabuɗin da rawani yake a da.

Manyan ma'aikatan zamanin jihohi

Farfesa Mahdi Adamu, ɗan garin Ngaski, shi ne fitaccen misalin ƙarnin da ya hau wannan sabon tsani. Ya yi karatun tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda a 1968 ya rubuta kundin digiri na biyu a kan raunin da gwamnatin Yauri ta yi a ƙarni na 19, wato ya fara aikinsa na ilimi da bincikar yadda hukumar ƙasarsa ta taɓa lalacewa. Ya yi digiri na uku a Jami'ar Birmingham ta Ingila, kuma littafinsa mai suna The Hausa Factor in West African History, wanda aka buga a 1978, ya bi sawun fatake da malamai da sojoji Hausawa a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya nuna cewa tarihin Hausawa ya zarce ganuwar biranensu. Ba abin mamaki ba ne wannan fahimta ta fito daga mutumin da ya tashi a bakin hanyar Gwanja. Shi ne kuma ya rubuta babin Hausawa da maƙwabtansu a juzu'i na 4 na babban tarihin Afirka da hukumar UNESCO ta wallafa. Daga 1982 zuwa 1989 ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, bayan shugabanta na farko Farfesa Shehu Galadanci, kuma a zamaninsa ne, a 1988, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Alhaji Abubakar Musa, Garkuwan Yauri, ya bi ta wata hanyar dabam, wato aikin tarayya, inda ya kai ga shugabancin hukumar kwastan, mai karɓar harajin kayan da ke shiga da fita ƙasa, a shekarun 1980, har Dokta Bello Halliru Muhammad ya gaje shi a 1988. Da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, ya tsaya takara a jam'iyyar NRC, ya ci zaɓe, ya karɓi mulki daga hannun kantoman soja Patrick Aziza a Janairun 1992, ya riƙe har Nuwamban 1993 lokacin da Janar Sani Abacha ya rushe gwamnatocin farar hula. Wa'adinsa bai kai shekara biyu ba, amma ya faɗo a lokacin da ake raba ma'aikata da kadarori tsakanin Sakkwato da Kebbi ana kuma kafa ma'aikatu daga tushe a Birnin Kebbi, aikin da ke buƙatar mutumin da ya san yadda ofis ke tafiya.

Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi kuwa ya haɗa hanyoyin biyu, ta makaranta da ta fada, domin ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo a shekarun 1990, sannan a 1999 ya gaji Sarki Shu'aibu Yakubu Abarshi, wanda ya yi mulki tun 1981, ya zama Sarkin Yauri na 42. Da shi da Mahdi Adamu, biyu daga cikin shugabanni huɗu na farko na wannan jami'a 'yan masarauta ɗaya ne. Naɗinsa ya tabbatar da al'adar da ta soma a 1923, ta neman sarki a cikin masu ilimin zamani na gidan sarauta, kuma sarautun fada da kansu sun bi wannan sawu, domin Garkuwa da Katuka da Tafida da makamantansu yanzu ana naɗa su ne ga waɗanda suka yi suna a aikin gwamnati ko siyasa ko kasuwanci, abin da ke jawo gogewarsu da hanyoyinsu zuwa hidimar gida.

A 'yan shekarun nan jerin ya ci gaba. Alhaji Babale Umar Yauri ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kebbi a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, wato ofishin da ke daidaita ayyukan ma'aikatu da bin diddigin shawarwarin majalisar zartarwa. Dokta Yusuf Tanko Sununu, likitan mata daga Ngaski, ya taɓa zama babban sakataren ƙungiyar likitocin Nijeriya, an zaɓe shi ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Yauri da Shanga da Ngaski a 2019, ya zama ƙaramin ministan ilimi a 2023, a 2024 kuma aka mayar da shi ma'aikatar jinƙai da rage talauci. Alhaji Abubakar Sadiq Yelwa, Katukan Yauri, shi aka ba shugabancin HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wadda aka yi dokar kafa ta a 2010 amma ba ta soma aiki ba sai bayan kusan shekara goma, wato fiye da rabin ƙarni bayan ruwan Kainji ya tashi mutane.

Abin da tarihin ya bari

Wanda ya bi wannan jeri zai ga cewa sunayen sun fi fitowa daga Yelwa da Ngaski da sauran manyan garuruwa. Masanin halayyar al'umma ɗan Amurka Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya lura da cewa Bagunge da ya shiga makaranta ko aikin hukuma yakan rungumi harshen Hausa da suturar Hausawa har a riƙa lissafa shi cikin Yaurawa, wato aikin hukuma ya zama ƙofar da ke haɗe ƙabilun masarautar wuri ɗaya. Wannan ya ba ƙasar zaman lafiyar da ta yi suna da shi, amma ya kuma sa harsunan Reshe da Shanga suna ja da baya, ya sa da yawa daga waɗanda suka hau tsanin suka yi nisa da ƙauyukan da suka fito. Ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976 ya kai makarantu ƙauyuka, sai dai har yau yaron da ke zaune a tungar masunta a gaɓar tafki, da 'yar Kambari a dajin Ngaski, da ɗan manomi a lungunan Shanga, ba su tsaya a mataki ɗaya da ɗan cikin garin Yelwa ba.

Shekarar 2021 ta nuna girman abin da ya rage. A ranar 26 ga Mayu jirgin ruwa ɗauke da fasinjoji fiye da ƙima ya nutse kusa da Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da yawa suka rasu, a ranar 17 ga Yuni kuma 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yauri suka sace ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan suka shafe kusan shekara biyu a hannunsu. Masifa ta farko ta taɓa kogin da tattalin arzikin ƙasar ya dogara a kansa tun zamanin fatake, ta biyu kuma ta taɓa makaranta, wato ainihin hanyar da ta fitar da duk manyan ma'aikatan da aka ambata, kuma uban da ya ga an sace 'yar maƙwabcinsa daga aji yana iya komawa kan tsoron da Sarki Abdullahi ya yi shekara talatin yana kawarwa.

Tarihin aikin hukuma a Yauri ya nuna cewa ƙasar ta ci riba duk lokacin da ilimi da amana suka haɗu a hannun mai riƙe da ita, kamar yadda ta yi asara a 1915 da aka fifita ƙwazon tara haraji a kan yardar jama'a. Girman muƙamin da ɗan ƙasa ya riƙe abin alfahari ne, amma ma'aunin da ya dace da manyan ma'aikatan Yauri da Ngaski da Shanga shi ne abin da ya isa ga mutanen da aka tasa domin Nijeriya ta sami wuta: jirage masu aminci da rigunan kariya a mashigai, da hanyoyin da ke kai albasa da kifi da shinkafa kasuwa, da asibiti kusa, da makaranta mai malamai da tsaro a kowace gunduma. Wajibi ne a kan masarauta da ƙananan hukumomin uku da 'ya'yan ƙasar da ke riƙe da muƙamai a Birnin Kebbi da Abuja su mayar da kai makaranta ga tsibirai da tungaye babban aikinsu, domin daga aji ɗaya na firamare ne ake fara yin babban sakatare da shugaban jami'a.